Yadda Muka Mai Da Yatsun Uwargida Makaranta

Shekara 19 ke nan muna koyarwa a makarantar ikilisiya, yawancinsu kuwa a nan Rurum ta ƙasar Rano. Mun koya wa yara da yawa riƙe fensir, amma ba mu taɓa tsammani wata rana za mu zauna a tsakar gida muna koya wa yatsun uwargida bambanta ƙwayar wake da ta gyaɗa ba. Haka kuwa ya faru. Muna so mu ba masu karatu labarin, gama mun sani akwai gidaje da dama inda mace take tashi da tsakar dare tana yarfe hannu, maigida kuwa yana ce mata gajiya ce, kamar yadda mu ma muka yi ta faɗa har fiye da shekara guda.

Yadda Abin Ya Soma

Uwargida mai sana'ar ƙuli-ƙuli ce da man gyaɗa. Wanda ya san wannan sana'a ya san aikin hannu ce tun daga fari har ƙarshe. A soya gyaɗa, a murje, a kai inji, a dawo a yi ta juyawa a turmi har mai ya fito, sa'an nan a matse tunkuza, a mulmula, a toya. Ban da wannan ga surfe, ga wanki, ga jan guga a rijiya, da maraice kuma ta ɗauki allura ta yi wa yara gyaran tufafi. Da ribar ƙulin nan muke cike gurbin da albashin malami ya bari.

Cikin daminar 2021 ta soma kukan minjirya a hannun dama. Da dare abin ya fi tsananta. Wajen ƙarfe biyu sai mu ji ta tashi zaune tana yarfe hannu, tana cewa, "Malam, hannun nan ya sake mutuwa." Mu kuwa cikin magagin barci sai mu ce ai kwanciya ta yi a kansa. In ta yarfe shi ta rataye shi a gefen gado sai ya lafa, ta koma barci. Akwai wani abu da ta sha faɗa, amma ba mu ɗauke shi da muhimmanci ba. Ta ce babban yatsa da manuni da na tsakiya su ne suke mutuwa, ƙaramin yatsa kuwa lafiyarsa lau.

Masu ba da shawara ba su yi kaɗan ba. Wasu suka ce sanyi ne. Wata tsohuwa cikin dangi ta ce da hannun mutum a ciki, wai masu kishin ciniki ne. Aka kawo saiwoyi, aka shafa mai iri iri, wani mai kemis kuma ya yi ta yi mata allura yana karɓar kuɗi. Ba za mu ɗora wa kowa laifi fiye da kanmu ba. Mun yi karatu, mun san hanyar asibiti, amma duk sa'ad da ta yi maganar zuwa sai mu tuna da kuɗin makarantar yara da na taki, mu ce a bari sai kaka.

Abin da ya farkar da mu ya faru a watan Satumba na 2022. Tana toya ƙuli, mai ya fantsamo mata a manuni, har wurin ya yi bororo, ba ta sani ba sai da 'yarmu ta fari ta ce, "Mama, me ya ƙone ki?" Da muka kama hannun muna dubawa, sai muka ga tudun naman da ke gindin babban yatsa ya lotsa, bai kai na hagu cika ba. Nan gabanmu ya faɗi. Mun taso muna jin labarin asibitin kutare na Yadakunya kusa da Kano, mun kuma karanta labarin Likita Paul Brand wanda ya yi aiki a Vellore ta ƙasar Indiya. Shi ne ya nuna cewa yawancin yatsun da kutare suke rasawa, rashin jin zafi ne yake jawo asararsu, gama hannun da ba ya jin wuta ba ya gudunta. Kashegari muka kama hanyar asibiti, daga can aka tura mu wani babban asibiti a Kano.

Kwalbatin Wuyan Hannu

Likitan da ya duba ta saurayi ne mai haƙuri. Ya duba fatarta ko akwai tabo, ya sa aka auna sukarin jininta, duka lafiya. Ya ƙwanƙwasa tsakiyar wuyan hannunta da yatsa, sai ta zabura, ta ce wani abu kamar lantarki ya tsarga har kan yatsunta. Ya sa ta tanƙwara hannuwan ƙasa, ta haɗa bayansu na minti ɗaya. Kafin minti ya cika minjirya ta taso. Daga baya aka yi mata gwaji da na'ura mai auna saurin tafiyar saƙo cikin jijiya. Ya ce, "Mama, ba kuturta ba ce, ba kuma sammu ba. Jijiya ce ta matse a wuyan hannu." A katin asibiti ya rubuta carpal tunnel syndrome, mun faɗi sunan domin wanda zai gan shi a nasa katin.

Ga yadda ya bayyana mana. A wuyan hannu akwai wani mashigi kamar kwalbati. Ƙananan ƙasusuwa ne ƙasansa da gefunansa, wata ƙaƙƙarfar tantani mai kamar maɗauri kuma ta rufe samansa. Abu goma ne suke bi ta ciki. Tara igiyoyi ne masu jan yatsu in za a dunƙule hannu, na goma kuwa jijiya ce mai ɗaukar saƙo. Ita ce take kai labarin taɓawa da zafi da sanyi daga babban yatsa, manuni, na tsakiya, da rabin na zobe. Ita ce kuma take ba naman gindin babban yatsa umarni. Ƙaramin yatsa wata jijiya dabam ce take yi masa aiki, wadda ba ta bi ta kwalbatin, shi ya sa ya tsira. Kwalbatin nan ba ya buɗewa. In wani abu ya kumbura a ciki, jijiyar ce take shan matsi, gama ita ce mafi taushi. Da dare kuwa mutum yakan tanƙware hannu cikin barci, matsin ya ƙaru.

Ciwon ba sabo ba ne. Wani likitan Ingila, James Paget, ya bayyana irinsa tun 1854, wani kuma a Amurka, George Phalen, ya sanar da shi sosai daga 1950, shi ne ma mai gwajin nan na tanƙwara hannu. Ya fi kama mata, musamman masu shekara 40 zuwa 60. Ciki yana kawo shi, haka ciwon sukari, da ƙiba, da amosanin gaɓɓai, da aikin da ake maimaita matsa da murɗa da ƙarfi, da riƙe inji mai karkarwa. In an zo da wuri, sau da yawa akan fara da wani abin ɗauri mai kamar karan ɗori da za a sa da dare don hannu ya tsaya a miƙe, ko a yi allura a wurin. Amma ga wadda namanta ya riga ya lotsa, likita ya ce sai aiki.

Bayan an yi girbi muka sayar da hatsi, aka yi aikin cikin Nuwamba 2022. Ba a sa ta barci ba, allurar kashe wuri kawai aka yi. Aka tsaga tafin hannu kaɗan, aka raba maɗaurin nan biyu domin kwalbati ya saki, aka ɗinke fata. Bai kai rabin sa'a ba. Ran nan muka koma gida. A makon nan uwargida ta yi barci har asuba ba ta tashi ba, abin da rabonta da shi ya fi shekara. Matan zumunta suka yi ta zuwa, wannan ta ɗebo ruwa, waccan ta yi daka. Bayan mako biyu aka cire zare, muka ce an gama.

Ashe Da Saura

Da Kirsimeti ta gabato ta ɗauki allura za ta sa wa auta maɓalli a riga. Allura ta zame, ta faɗi, ba ta ji faɗuwarta ba. A sujada in za ta buɗe littafin waƙoƙi sai ta haɗa shafi biyu ko uku. In ta sa hannu a jaka ba ta rarrabe mabuɗi da tsabar kuɗi sai ta leƙa. Wata rana cikin wasa muka ce ta rufe ido, muka taɓa mata yatsan tsakiya, muka tambaye ta wanne ne. Ta ce manuni. Muka sake, ta sake kuskurewa. Ta ji taɓawar, amma ba ta san inda aka taɓa ba. Masu cewa kada a je asibiti suka sami bakin magana, wai an yanke mata jijiya. Ita kanta ta karaya, ta ce, "Malam, hatsinmu ya tafi a banza."

Muka koma Kano da ɓacin rai. Likita ya saurare mu har muka gama, sa'an nan ya ce abu biyu ne ba mu sani ba. Na fari, jijiya kamar damin zare ce, zaruruwa dubbai, kowanne da rigarsa kamar wayar lantarki. Matsi kaɗan riga kawai yake ɓatawa, wannan kuwa tana gyaruwa cikin makonni. Matsin da ya daɗe yakan kashe zaren kansa, sai ya sake tsirowa, tsirowarsa kuwa ba ta wuce kamar milimita ɗaya a rana, watau kusan inci ɗaya a wata. Daga wuyan hannu zuwa kan yatsa ya kai inci 6 ko 7. Mu malaman lissafi ne, muka ga wajen rabin shekara ke nan. Na biyu, ya ɗora yatsa a gefen kansa ya ce, "Malam, hannu ba ya ji. A nan ake ji. Na buɗe hanya a wuyan hannu, amma sai wanda ke nan sama ya sake koyon karanta wasiƙun da suke zuwa."

Wannan magana ta tsaya mana a rai. Wani tsohon ɗalibinmu da yake karatun likita a Zariya ya zo hutu, muka zaunar da shi, ya yi mana bayani, ya kuma taimake mu karanta abin da masana suka rubuta. Ga abin da muka fahimta.

Taswirar Jiki A Cikin Kai

Sa'ad da allura ta taɓa yatsa, saƙo yakan bi jijiya ya haura hannu, ya shiga laka ta wajen wuya, ya yada zango a wata tasha da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa wadda ake kira talamus, daga nan ya isa saman ƙwaƙwalwa. Saƙon hannun dama ɓangaren hagu yake zuwa, na hagu kuma ɓangaren dama. A can saman kowane sashe na jiki yana da wurinsa. Wani likita a Montreal ta ƙasar Kanada, Wilder Penfield, shi ya zana wannan taswira. Yana yi wa masu farfaɗiya aiki a kai suna farke, ya taɓa wuri da lantarki mara ƙarfi, mara lafiya ya ce ya ji abu a leɓe, ya matsa kaɗan, ya ce ya ji a babban yatsa. A 1937 aka buga sakamakon. Abin mamaki, rabon wurin bai bi girman gaɓa ba. Hannu da leɓe da harshe sun kwashe fili babba, baya da cinya kuwa ɗan kaɗan suka samu. Yatsu biyar suna jere, kowanne da mazauninsa kusa da ɗan'uwansa.

Da muka ji haka sai muka tuna da aji. Yara biyar a benci ɗaya, kowa ya san wurinsa. Shekaru da yawa masana suna tsammani da zarar mutum ya girma, wannan zama ba ya sākewa. Amma a 1983 Michael Merzenich da Jon Kaas da abokan aikinsu a Amurka suka ba da labarin gwajin da suka yi da birai. Sun yanke wannan jijiya ta tsakiyar hannu, suka jira. Bayan 'yan watanni suka tarar wurin da dā yake karɓar saƙonta bai zauna fanko ba, sassan hannu na maƙwabta sun shiga sun mamaye shi. Kowane malami ya san wannan. Yaro ya yi zango guda bai zo ba, na damansa da na hagunsa sukan baje, su ɗora littattafansu a wurinsa. Ran da ya dawo sai an yi gyaran zama.

A wani gwajin kuma da aka buga a 1988, an ɗinke yatsu biyu na biri wuri ɗaya, har ya zama duk abin da ya taɓa ɗaya ya taɓa ɗayan. Da aka duba daga baya, iyakar da ke tsakanin wurarensu a ƙwaƙwalwa ta shafe. Watau ƙwaƙwalwa tana raba yatsu ne bisa ga yadda saƙonsu yake zuwa. In kullum tare suke magana, sai ta ɗauke su abu guda. To, mai matsewar jijiya, manuninsa da na tsakiyarsa tare suke minjirya, tare suke mutuwa, dare da rana, wata da watanni. A 2014 masu bincike a Boston ta Amurka suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu wannan ciwo da na'urar MRI. Suka ga wuraren yatsun nan biyu sun matso kusa da juna fiye da na masu lafiya. Waɗanda nasu suka fi matsowa kuwa su ne suka fi shan wuyar gane yatsan da aka taɓa, da yin aiki mai laushi da hannu. Da ɗalibinmu ya kai nan, muka dubi uwargida, ita ma ta dube mu. Abin da ya faru a tsakar gidanmu ke nan.

To, me aiki yake yi wa ƙwaƙwalwa? Wuƙar likita ba ta zuwa kusa da kai, amma tana sāke irin saƙon da yake hawa can. Hayaniyar minjirya da zogi takan ragu, saƙo mai tsabta ya soma wucewa. A 2022 masu bincike a Toronto ta Kanada suka buga abin da suka gani da suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar marasa lafiya kafin aiki da bayansa. Bayan aiki, zirga-zirgar da ke tsakanin tashar nan ta talamus da saman ƙwaƙwalwa ta lafa, hulɗar sassan saman da juna kuma ta koma kusa da ta masu lafiya. Ashe ɗan tsagin nan da bai kai tsawon yatsa ba, ana ganin sawunsa har cikin kai.

Abin da ya ƙara mana ƙarfi shi ne taswirar da take ɓaci saboda rashin aiki, tana kuma gyaruwa saboda aiki. Masu karatu da yawa sun san makarantar makafi ta Gindiri, wadda aka buɗe a 1953, inda yara suke karatu da kan yatsa. A 1993 masana suka nuna cewa masu irin wannan karatu, wurin yatsan da suke karatu da shi ya fi faɗi a ƙwaƙwalwa. Ba haihuwarsu aka yi da shi haka ba, yau da gobe ce ta faɗaɗa shi. A kan wannan tushe likitocin hannu, irin su Göran Lundborg da Birgitta Rosén na Malmo a ƙasar Suwidin, suka inganta hanyoyin sake koya wa hannu ji. Domin waɗanda jijiyarsu ta yanke aka fi yin wannan koyarwa. Yawancin waɗanda aka yi wa aikin wuyan hannu da wuri ba su bukatarta, harkokin yau da kullum sun ishe su. Amma ga irin uwargida, wadda matsin ya daɗe, wata ma'aikaciya a sashen gashin ƙashi ta nuna mana yadda za mu yi a gida.

An Buɗe Makaranta

Kayan aikinmu ba mu saye su ba. Ƙwarya ɗaya, da wake, gyaɗa, masara, maɓalli, mabuɗi da tsabar kuɗi. Ƙyallaye kuma huɗu: atamfa, shadda, buhu da auduga. Ƙa'idar ita ce ido ya koya wa hannu. Da fari ta ɗauki abu tana kallonsa, tana juya shi tsakanin yatsu, tana lura da yadda jinsa yake. Sa'an nan ta rufe ido ta sake juya shi. Sa'an nan mu sa mata wani abu a hannu ido a rufe, ta faɗi sunansa, ta buɗe ido ta ga ko ta yi daidai. Bayan haka mu ɗauki fensir mu taɓa yatsa ɗaya da gindinsa mai roba, ta faɗi wanne ne. An ce mana kada mu wuce minti goma, amma a yi sau uku ko huɗu a rana, a wurin da ba surutu, gama hankali ne yake aikin.

Halin malami ba ya ɓuya. Muka tsaga littafi muka yi rajista, muna ba da maki bisa goma. Makon fari huɗu take ci, wani lokaci uku. Takan yi dariya ta ce, "Malam, in na faɗi dai ba bulala ko?" Amma ba kullum ake dariya ba. Wata rana cikin Janairu, ga sanyin hunturu, ta kira gyaɗa wake sau uku a jere. Ta ture ƙwaryar, hatsi ya watse, ta shiga ɗaki. Mun gane ran nan cewa mun cika matsa mata, muna yi kamar sufeto ya zo duba makaranta. Mace ce da ta yi shekara ashirin tana ciyar da gida da hannun nan, ga shi yanzu ana yi mata jarrabawa a gaban 'ya'yanta. Muka ajiye rajista. Auta, mai shekara bakwai, shi ya karɓi aikin. Ya mai da shi wasa, shi ma yana rufe ido suna gasa, in ta ci ya yi mata tafi.

Har wa yau mun koyi tsare hannun. Yatsan da bai gama farkawa ba, ido ne mai gadinsa. Ta daina ɗaukar murfin tukunya ba tsumma, ruwan wanka kuma da hannun hagu take gwada zafinsa. Gindin tafin hannu ya yi wata biyu yana tsami in ta dafa ƙasa, an kuwa riga an faɗa mana haka zai yi.

Sauyin bai zo rana ɗaya ba. Jijiya tana tsirowa a hankali daga ƙasa, ƙwaƙwalwa tana gyara zama a hankali daga sama. Cikin Maris ta daina kuskuren yatsa. Wajen Ista ta soma buɗe shafi ɗaya ɗaya. Wata safiya cikin Yuni 2023, watau wata bakwai bayan aiki, muna shirin tafiya makaranta sai muka ga rigarmu a kan kujera, an mai da maɓallin da ya tsinke tun bara. Ba ta ce kome ba, tana can tana hura wuta.

Amma kada mu ɓoye sauran gaskiya. Tudun naman gindin babban yatsa bai cika kamar dā ba har yau. In za ta buɗe murfin kwalba mai tauri ko ta ɗaure bakin buhu, sai ta kira yaro. Likita ya ce naman da ya daɗe ba ya samun umarni ba lalle ya komo duka ba. Wannan shi ne kuɗin jinkirin da muka yi, ita ce kuwa take biya. Duk sa'ad da muka ga lotsawar nan mukan tuna da darare da muka ce mata gajiya ce.

Ga 'Yan'uwa Masu Karatu

In minjirya tana tashe ku da dare a babban yatsa da manuni da na tsakiya, ta bar ƙaramin yatsa, har ta yi makonni tana komowa, ku je asibiti. In abu ya soma zamewa daga hannu, ko ji ya ɗauke dare da rana, ko gindin babban yatsa ya soma lotsawa, to, kada a jira kaka. A Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, asibitin da ke kusa da ku kuma zai iya ba ku takardar zuwa. Mai ciki kada ta firgita, nata yakan tafi bayan haihuwa, amma ta faɗa a wurin awo. Mai ciwon sukari ya kula da maganinsa.

Ba kowace mutuwar hannu ce wannan ciwo ba. In hannu ya mutu farat ɗaya, baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko ƙafa ta ƙi ɗauka, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce, a tafi asibiti a sa'ar nan. In kuma akwai tabo a fata mai haske wanda ba ya jin taɓawa, a je a duba kuturta. Tana warkewa, maganinta kuma kyauta ne.

Wanda aka riga aka yi wa aiki, ya ga zogi ya tafi amma ji bai komo ba, kada ya ce aiki ya ɓaci. Ya koma wurin likitansa, ya ba jijiya watanninta, ya riƙa amfani da hannun a hankali. Mazaje kuma, mu dubi yawan abin da hannuwan matanmu suke yi daga asuba zuwa dare. A gidanmu yanzu an raba aikin. Samari ne suke jan ruwa, matsar tunkuza kuma ba ta yinta ita kaɗai.

A daminar 2024 uwargida ta tashi da dare tana yarfe hannu, wannan karon na hagu. Ba mu ce ta kwanta a kansa ba. Cikin makon muka tafi Kano. Aka ba ta abin ɗauri na dare, aka ce ta rage aikin matsa, bayan 'yan makonni ya lafa. Muna lura da shi har yanzu, mu da ita. Ƙwaryar nan kuwa tana nan a kan kabad da wakenta da maɓallanta. Wata maƙwabciya ta aro ta kwanan baya saboda mahaifiyarta, auta ya bi ta don ya nuna musu yadda ake yi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu jiyya haƙuri.